TABON AIKI: KADA A BARI YA YI TUDU

Jama'a, a karanta, a kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Idan likita ya yi muku aiki, kamar fiɗar haihuwa, to cire zare ba shi ne ƙarshen jinya ba. Fata tana ci gaba da saƙa nama a wurin har watanni. In fatar tana yawan miƙewa, sai naman ya yi yawa, tabo ya yi tudu, ya yi tauri, ga ƙaiƙayi, ga zogi. Wani yakan tsaya kan layin ɗinki, wani ya zarce ya ci lafiyayyar fata. Ya fi kama mu baƙar fata, yana kuma bin jini. Ya fi fitowa a ƙirji da kafaɗa da kunne. Ba a ɗaukarsa daga wani.

Filasta tana riƙe bakin ɗinki kada fata ta ja shi. Iri biyu ake amfani da su: filastar takarda da filastar silikon. Ga yadda za ku yi:

1. Tun kafin aiki, ku gaya wa likita in ku ko danginku kuna da irin wannan tabo.

2. Kada a fara sai an cire zare, miki ya rufe sarai, nas ta duba ta ce to.

3. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a bari ya bushe. Kar a shafa mai, filasta ba za ta kama ba.

4. Ta takarda, a manna ta bisa tsawon tabon. In ta ɗago, a cire a hankali a sake sabuwa. A yi haka har mako 12.

5. Ta silikon, a bar ta aƙalla awa 12 kullum, a wanke ta, a mayar, har wata 2 zuwa 3.

6. In zufa ta kawo ƙuraje, a huta kwana biyu. In kun ga mugunya, ko kumburi, ko zazzaɓi, maza ku dawo asibiti.

Filasta tana rage haɗari ne, ba ta kawar da shi ɗungum. In tabo ya fara tasowa, ku zo da wuri, akwai allura da ake yi a cikinsa. Don Allah kada a kai wa wanzami ya yanke. Sau da yawa yakan dawo, har ya fi na da girma.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha