Darasi na Tara: Rubutun Umarni

Rubutun umarni shi ne wanda ke nuna wa mai karatu yadda zai aiwatar da wani aiki daki-daki. Ginshiƙinsa shi ne jerantawa. Dubi wannan misali daga garejin mota:

Toyota Camry ƙirar 2007 ta kasuwar Amurka tana kunna fitilar tunatarwa duk bayan mil 5,000, wato kimanin kilomita 8,000. Tafiya kawai fitilar ke ƙirgawa, ba ta san halin da baƙin mai yake ciki ba. Bayan an yi juye, a murɗa makulli, a kai ma'aunin tafiya kan Trip A, sannan a kashe. A danne maɓallin ma'aunin, a sake murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a riƙe har sifilai su bayyana.

Lura da yadda sharaɗin "bayan an yi juye" ya gabaci dukkan matakan. Ɗalibin da ya tsallake shi ya koya wa direba kashe fitila alhali tsohon mai yana cin inji. Irin wannan giɓi ya fi kuskuren ƙa'idar rubutu cancantar jan biron malami.

Jinga: Fito da aikatau da suka biyo bayan wakilin suna "a" a cikin misalin.