Makamin Fere Wayar Lantarki: Abin da Ya Kamata Hakimai Su Sani

Tun daga shekarar 1968 da aka gama madatsar ruwa ta Kainji, wutar lantarki ta yi ta bazuwa cikin garuruwan Arewa, har ta kai ga ofisoshin gundumomi da ɗakunan shan magani da makarantu da kasuwanni. Amfaninta ba ya ɓuya ga kowa. Amma tana tafe da haɗari guda biyu, watau gobara da jan wuta, kuma sau da yawa mafarinsu wani ɗan ƙanƙanin aiki ne da mutane ba su cika kula da shi ba, shi ne fere bakin waya kafin a haɗa ta.

Yadda Waya Take

Wayar lantarki abu biyu ce. A ciki akwai jan ƙarfe, wanda wuta ke bi. A waje akwai roba, wadda ke tsare wutar kada ta taɓa mutum ko wata waya. Kafin ma'aikaci ya ɗaura waya ga makunni ko soket ko mita, lalle ne ya cire robar daga bakinta, misalin santimita 1. Abin da ake bukata shi ne robar ta fita sarai, ƙarfen kuwa ya zauna lafiya lau ba ko ƙwarzane.

Wayoyi suna da girma iri iri. Ta fitilu yawanci mai lamba 1.5 ce, ta soket kuwa 2.5, ta murhun lantarki da manyan na'urori 4 ko 6. Lambar tana nuna kaurin ƙarfen da ke ciki. Wata wayar ƙarfe ɗaya ne sandararre, wata kuwa silla-silla ce da aka murɗe tare.

Abin da Mugun Makami Ke Jawowa

In makami ya sari ƙarfen, to, wurin saran ya yi rauni. Da an lanƙwasa wayar cikin akwatin soket sai ta tsage daga nan, ko ta karye bayan watanni. In kuwa mai silla ce, makamin yakan tsinke waɗansu sillayen, sauran su ɗauki nauyin wutar duka. Wurin da ƙarfe ya ragu yakan yi zafi, kuma in wutar da ke bi ta ninka sau 2, zafin yakan ninka sau 4. Zafi ya narkar da roba, tartsatsi ya tashi, rufin ɗaki ko kayan rumfa su kama.

Akwai kuma kuskuren awo. In an fere ya yi tsawo, ƙarfe tsirara yakan leƙo waje inda yatsa zai iya taɓawa, alhali wutar gida a Nijeriya volt 230 ce, ta isa kisa. In an fere ya gaza, kusar da ke matse waya sai ta kama roba maimakon ƙarfe, haɗin ya zama sako-sako, shi ma ya yi zafi.

Ire-iren Makamai

Na ɗaya, wuƙa ko reza. Su ne masu araha, su ne kuma suka fi ɓarna, domin babu abin da ke tsayad da kaifinsu in ya ratsa roba, sai hannun mai aikin.

Na biyu, filaya. An yi ta don riƙo da murɗa da yanka. Gwani yakan fere waya da ita, amma ɗan koyo ba safai yake tsira daga saran ƙarfe ba.

Na uku, makami mai ramuka, ko wane rami da lambarsa a rubuce. Wannan shi ya fi aminci, muddin an sa waya a raminta. Sai dai a lura, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka lissafinsu dabam ne, can in lamba ta ƙaru waya sirancewa take yi. Ramin lamba 14 na Amurka ya yi wa wayar 2.5 kaɗan, saboda haka yakan cije ta.

Na huɗu, mai baki biyu da kusar daidaitawa. Yana aiki sosai, amma in kusar ta kwance bakin yakan rufe fiye da kima ba tare da mai shi ya farga ba.

Na biyar, mai kama waya ya fere ta da matsawa ɗaya. Yana da sauri, amma ƙurar hunturu takan shiga cikinsa, kuma na arahan ba su daɗewa sai su soma yagar roba ko tsinke silla. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ko wane iri ne, yakan tsufa. Baki ya dakushe, ƙusar tsakiya ta yi lako-lako, tsatsa ta ci shi da damina. Wanda ya yanke ƙusa ko wayar ƙarfe da makamin fere waya ya riga ya ɓata shi.

Sa'an nan ba ko wace roba da ke jikin mariƙi ke tsare wuta ba. Makamin da aka yi musamman don haka yana ɗauke da rubutun 1000V da alamar kusurwa uku guda biyu, kuma an gwada shi da volt 10,000 kafin ya bar masana'anta. Duk da haka ƙa'ida ita ce a kashe wuta daga babban makunni, a tabbata ta mutu, kafin a taɓa waya.

Abin da Hakimi Zai Yi

Ba a bukatar hakimi ko magatakardansa ya zama masanin lantarki. Abubuwa huɗu sun isa, duk sa'ad da za a yi aiki a ginin jama'a.

1. A nemi ma'aikacin ya nuna takardar shaidarsa. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta wannan takarda.

2. A ce ya fere guntun waya a gaban magatakarda. A duba ƙarfen a haske, a shafa shi da farce. In farce ya sarƙe a wani zobe, makamin yana sara. In waya mai silla ce, a duba ƙasa ko sillaye sun zuba.

3. Kafin a biya kuɗi, a sa ya buɗe soket biyu ko uku waɗanda magatakarda ya zaɓa da kansa, bayan an kashe wuta. Kada a ga ƙarfe tsirara, kada kuma waya ta zare in an ja ta a hankali.

4. Magatakarda ya rubuta sunan ma'aikacin da ranar aikin da irin wayar a littafin ofis, domin in wani abu ya faru a san wanda za a tambaya.

Ya kamata kuma hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni da sarakunan kasuwa, duk inda aka ji ƙaurin roba, ko aka ga soket ya yi baƙi, ko makunni na zafi, a kashe wutar nan da nan a kira ma'aikaci. Kuɗin makami nagari bai kai na buhun hatsi ɗaya ba, rumfar da ta ƙone kuwa takan tafi da jarin shekaru. Rigakafi ya fi magani.