Ɗaukar Hoton Ƙananan Halittun Gindin Itace

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma akwai halittu da yawa waɗanda muke takawa kullum ba mu taɓa ganinsu sosai ba, domin ƙanƙantarsu. Idan ka tona busassun ganyayen da ke gindin tsamiya ko gawo ko darbejiya, za ka tarar da gara da tururuwa da gizo-gizo da ƙadandoniya da tana, kowa yana harkar gabansa. Dukansu ba su da ƙashin baya. A wannan darasi za mu duba yadda ɗalibi zai ɗauki hotonsu kurkusa, da kuma amfanin yin haka.

Tun a shekarar 1665 wani masani a Ingila mai suna Robert Hooke ya buga littafin Micrographia, inda ya zana ƙuma da kan ƙuda kamar yadda ya gan su ta madubin ƙara girma. A yau kyamara ce ke yin wannan aiki. Masu sana'ar suna kiran hoto na kurkusa idan siffar ƙwaro ta faɗa cikin kyamara daidai da girmansa na ainihi, ko fiye da haka.

Kada ka ce sai mai kuɗi. Idan ka shiga Babbar Kasuwa ta Katsina, nemi masu sayar da kayan wayar hannu, ka tambayi ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a idon kyamarar waya. In ba ka samu ba, madubin ƙara girma irin na hannu ma ya isa. Kafin ka fita, bi ta wajen 'yan hatsi ka roƙi ƙwayar wake mai huji. Ƙwaron da ke cikinta shi ne abin gwajinka na farko a gida.

Ga ƙa'idodi huɗu. Na ɗaya, tsayar da hannu. Gilashin da ya ƙara girman ƙwaro shi ne kuma ke ƙara girman rawar hannunka, saboda haka ka kafa gwiwar hannu a ƙasa ko ka jingina wayar da dutse. Na biyu, auna ido ko kan ƙwaron. Idan aka matso ƙwarai, wurin da ke fita tangaram ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu, saura duk dishi-dishi ne. Shi ya sa gwanaye sukan ɗauki hotuna da dama, kowanne da inda ya auna, sa'an nan su haɗa su a kwamfuta su zama ɗaya. Na uku, kula da haske. Rana tsaka tana sa bayan ƙwaro ƙyalli, gara ka fita da sassafe, lokacin da sanyi bai sake su ba, ka sa farar takarda ta maido haske gefen inuwa. Na huɗu, ajiye tsinken ashana kusa da shi, don mai kallo ya gane girmansa.

Sai kuma a yi hattara. Da kara ake juya ganye, ba da hannu ba, saboda kunama da shanshani. Ba sai ka je Dajin Rugu ba, itatuwan makaranta sun wadatar, musamman bayan ruwan farko. In ka gama, mayar da ganye ko dutse yadda ka same shi, gidan wani ne.

To, me hoton zai koya maka? Zai nuna maka cewa tururuwa ƙafa shida gare ta, gizo-gizo kuwa takwas. Ƙadandoniya tana da ƙafa huɗu a yawancin gaɓoɓinta, shanshani biyu a kowace gaɓa. Tururuwa tana da siririn ƙugu, gara ba ta da shi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne aikinsu. Su ne ke cinye ganye da kashin dabbobi su mai da su taki, su huda ƙasa ruwa ya shiga. Mun san gara da ɓarnar azara da littattafai, amma a Burkina Faso manomin nan Yacouba Sawadogo ya yi ta haƙa ramuka yana zuba taki, gara ta zo ta yi hanyoyi a ƙasa, ruwan sama ya riƙa nutsewa, har faƙo ya koma daji. A kan haka ya sami lambar yabo ta duniya a 2018.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya share gindin itace ƙarƙaf ya cinna wa ganyen wuta, ma'aikatan ƙasa ya ƙone. Ranar sharar makaranta mai zuwa, mu tara ganyen a rami mu rufe, bayan 'yan makonni da saukar damina mu koma da waya mu ga waɗanda suka tare a ciki.