Kafin Ka Sayi Ƙararrawar Tsaro, Fara Sanin Gidanka

Sana'ata ɗaura na'urorin tsaro a gidaje da shaguna. A 'yan shekarun nan kayan sun yi sauƙin samu, mutum zai shiga kasuwar Sabon Gari ko ya yi oda ta intanet, a miƙo masa kwali guda mai ɗauke da uwar na'ura da sensa da jiniya da rimot, ya je gida ya ɗaura da kansa. Wannan abin a yaba ne, kuma ba ya gagara. Abin da ke damuna shi ne yawan gidajen da nake shiga in tarar an tsinke wayar jiniya saboda ta hana mutane barci da kukan banza. Kayan na nan a bango, maigida ya kashe kuɗinsa, amma gidan a buɗe yake. Idan na duba, yawanci an sayi abin da bai dace da gidan ba, ko an ɗaura shi inda bai kamata ba.

Fara da zagaya gidan

Kafin ka je kasuwa, ɗauki takarda ka zagaya gidanka da rana, ka sake zagayawa da dare bayan an ɗauke wuta. Ɓarawo ba kasafai yake bi ta babbar ƙofa ba. Katangar baya yake haurawa, ko ya ɓalle ƙofar kicin, ko ya yanke ƙarfen tagar banɗaki, ko ya ɗaga kwano ya sauko ta silin. Rubuta waɗannan wuraren, ka ƙara da inda dukiya take: babur a zaure, janareta, batiran sola, sito. Wannan takardar ce za ta gaya maka sensa nawa kake buƙata da irinsu.

Sensar ƙofa

Ita ce mafi araha kuma mafi ƙarancin ƙarya. Gida biyu ce: mayen ƙarfe a jikin ƙyaure, ɗan makunni a jikin firam. Da an buɗe ƙofa sun rabu, sai ta kai rahoto. Tazarar da ke tsakaninsu idan ƙofa na rufe kada ta wuce santimita 1 zuwa 2. Matsalar a nan ita ce yawancin ƙofofinmu na ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana shanye ƙarfin mayen, yana kuma tare saƙon da sensa marar waya ke aikawa. Maganinsa a sa ɗan katako ko roba a ƙarƙashinta don ta ɗaga daga jikin ƙarfen. Get da ƙofar shago da ake naɗewa sama suna da tasu sensar, babba mai jikin ƙarfe, wadda ke jure tazara mai faɗi. Kuma kada ka dogara da gam ɗin da ke bayanta, zafin bazara yana sakinsa, ta faɗo tsakar dare jiniya ta tashi. Ɗaure ta da ƙusa.

Sensar motsi

A nan aka fi yin kuskure. Wadda za ka ga an rubuta PIR a kwalinta, ɗumin jiki take ji. Farar robar da ke fuskarta tana raba ɗaki gida-gida, idan abu mai ɗumi ya ƙetara daga wannan gida zuwa wancan sai ta ji. Shi ya sa ta fi kama wanda ya gilma ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Ɗaura ta a kusurwa, tsayin mita 2 da 'yan kai, ta yadda duk wanda ya shigo dole ya gilma. Yawancinsu suna kaiwa mita 10 zuwa 12, kuma ba sa ji ta cikin gilashi.

Ga abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Ɗumin fatar mutum wajen digiri 33 ne. A watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafi kan haura digiri 40, bango ya kwana yana fitar da zafin da ya sha. Idan ɗumin ɗaki ya kusanci na jiki, bambancin da sensar ke nema ya ragu, jinta ya yi rauni. Saboda haka ka nemi wadda ke daidaita kanta da zafin wuri. Idan gareji ne ko sito mai rufin kwano, ƙara kuɗi ka sayi mai ji biyu, wadda ta haɗa jin ɗumi da ɗan rada, ba ta kuka sai dukansu sun tabbatar. Ka gwada ta da zafin rana, ba da sanyin asuba kaɗai ba.

Kukan banza kuma yana da dalili. Kada sensar ta fuskanci tagar da rana ke shigowa, ko bakin na'urar sanyaya ɗaki, ko murhu, ko labulen da fanka ke kaɗawa. Sau da yawa idan na kwance wadda aka ce ta haukace, abin da nake tararwa kashin tsaka ne a kan robar, yanar gizo a kusurwa, wani lokacin har da tururuwa da suka shiga ta ramin waya suka yi gida a kan allon. Toshe ramin, ka riƙa goge fuskar da busasshen ƙyalle, musamman da hunturu. Mai kyanwa ya nemi wadda ba ta kula ƙananan dabbobi, amma ya sani idan kyanwar ta hau kan kabad kusa da ita za ta yi kuka.

Katanga da taga

Sensar cikin ɗaki tana gaya maka ɓarawo ya riga ya shigo. Wanda yake son ya ji tun daga waje, akwai mai harba hasken da ido ba ya gani tsakanin turaku biyu a kan katanga, duk abin da ya tare hasken sai ta yi kuka. Sayi mai layi biyu ko huɗu, domin mai layi ɗaya tantabara ma na tayar da ita, sannan ka sassabe reshen darbejiya da ya rufo. Ƙarfen taga kuwa sensar girgiza ce ta dace da shi, tana jin zarto da guduma. Kada a kai sensar cikin ɗaki tsakar gida inda awaki da kaji ke kwana.

Abin da ya fi ɓarawo haɗari

Muna yawan jin labarin iyalin da suka kwanta ba su tashi ba saboda hayaƙin janareta, ko kaskon garwashi da aka shiga da shi ɗaki lokacin sanyi. Gubar da ke yin wannan aika-aika ba ta da wari ba ta da launi. Sensarta za ka ga an rubuta CO, a sa ta kusa da ɗakin kwana, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta, domin tana tsufa. Ta hayaƙin gobara a silin ake sa ta, a ɗan nesa da murhu. Ta gas ɗin girki kuma ƙasa-ƙasa, kamar santimita 30 daga daɓe, saboda gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Idan kuɗinka bai kai komai ba, ina roƙonka ka fara da waɗannan. Ko da ka sa su, janareta waje yake kwana, nesa da taga.

Wuta da layi

Tambayi mai sayarwa: idan an ɗauke wuta, awa nawa na'urar ke yi? Wasu batirinsu 'yan awoyi kaɗan ne. Haɗa ta da inbata, ko ka zaɓi mai ɗaukar batir na 12V 7Ah, ka kuma san zafi yana rage masa kwana. Wadda ke aiki da Wi-Fi kaɗai, da rawuta ta mutu ta daina aiko saƙo. Gara mai ɗaukar sim tare da Wi-Fi. Sim ɗin a haɗa shi da NIN, a riƙa sa masa kati, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi rufe shi ake yi. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Darasin shi ne jiniya ta iya kuka ko babu sabis ko kaɗan. Sa ɗaya a ciki, ɗaya a waje can sama mai batirinta, uwar na'ura kuma a ɓoye ta, kada ta zauna a bakin ƙofa inda guduma ɗaya za ta gama da ita.

Abin dubawa a manhaja

Kwalliyar manhaja da yawa ba za ka taɓa amfani da ita ba. Waɗannan ne masu muhimmanci. Tsarin "muna gida", wanda ke kunna ƙofofi da katanga ya bar na cikin ɗaki, don mai tashi alwala da asuba kada ya tayar da unguwa. Jinkirin daƙiƙa 20 zuwa 30 a ƙofar shiga. Sanarwa idan batirin wata sensa ya yi ƙasa, ko an ɓalle ta, ko ta daina magana da uwar, domin masu arahar nan kan mutu shiru ba wanda ya sani. Sunan kowace sensa, yadda saƙo zai ce "ƙofar kicin". Kiran lambobi bi da bi har sai wani ya ɗauka, saboda kira ya fi saƙo tayar da mai barci. Maɓallin neman agaji a gefen gadon uwargida da na tsofaffi. Ka canza lambar sirrin da ta zo da ita, irin su 1234, tun ranar farko, kowa a ba shi tasa, wanda ya bar aiki a gidan a goge tasa. Araha ba ta ado, rimot mafi araha saƙo iri ɗaya yake aikawa kullum, ana iya kwafarsa, don haka nemi mai sauya saƙo.

Na ƙarshe, jiniya ba ta kama kowa, mutane take kira. Ka sanar da maƙwabta da 'yan sintirin unguwa cewa ka sa ta, ku yi magana a kan abin da kowa zai yi idan ta tashi. Ajiye lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da lambar gaggawa ta 112. Idan ta yi kuka kada ka fita kai kaɗai cikin duhu, kunna fitilun waje, ka tara iyali a ɗaki guda, ka yi kira. Duk wata ka gaya wa maƙwabta za ka yi gwaji, ka bi sensa ɗaya bayan ɗaya, ka kashe wutar gidan ka ga ko za ta riƙe. Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, amin.