Manyan haƙora ba su ne ƙarfin tayar a-kori-kura ba

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu Hilux da sauran a-kori-kura, wai taya mai manyan haƙora ita ce mai ƙarfi, ita ke ɗaukar lodi, ita ce ba ta fashewa. Masu sayarwa ma ba sa gyara zancen, tunda irinta ta fi tsada. To zanen saman taya ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa kama ƙasa ne kawai. Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne iskar da ke ciki da zaren da aka gina jikin tayar da shi, kuma duk wannan a rubuce yake a gefenta, wurin da mai saye ba ya ko kallo.

Kamfanoni sun kasa tayoyin nan gida uku. H/T ta kwalta ce, M/T ta taɓo ce, A/T kuma tana tsakiya, ta hau kwalta ta sauka burji. Wanda yawancin tafiyarsa Kano zuwa Zariya ce, sai ranar kasuwa ya ratse ƙauye, in ya ɗaura M/T ya sayi ƙugi da shan mai, sannan ranar da aka yi ruwa ya taka birki a kwalta motar ta ƙara masa tafiya kafin ta tsaya, domin robar da ke taɓa titi kaɗan ce. Za a ce ai da damina hanyar ƙauye sai mai haƙora. Gaskiya ne ga wanda aikinsa a fadama yake kullum, shi kam M/T ta dace da shi, domin A/T takan cika da laka ta zama sumul. Amma makonni kaɗan na taɓo ba su isa a sha wahalar shekara guda ba. A rairayi kuwa, irin na hanyoyin Agadas, manyan haƙora tona rami suke yi su binne mota. Rage iska ne ke fitar da ita, a kuma mayar da iskar da zarar an hau ƙasa mai tauri.

A duba gefen tayar. In an ga 265/65R17 112T, wannan 112 ɗin na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,120, in kuwa 120 ce, kilo 1,400. Kada a sayi wadda lambarta ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Mai yawan lodi ya nemi mai alamar LT, jikinta ya fi kauri, dutse da kututture ba sa saurin yaga gefenta, amma ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta mata sai an ba ta iskar da ta kamata. Kuma ba ta ƙara wa mota ƙarfi. Hilux kusan tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka, sai a jibga mata buhun masara 20, taya ta ɗau zafi da rana tsaka ta fashe, a dawo ana zagin kamfani. Mai faci da ke buga taya da sifana ya ce iska ta yi, ba awo ya yi ba. A sa geji, da safe, kafin taya ta yi zafi.

Inda aka fi cutuwa shi ne wurin tayar gwanjo. Da yawa daga cikin masu kyan zane da ake shigowa da su daga Turai na lokacin sanyi ne, robarsu mai taushi ce don ƙanƙara, mai saye kuwa ya gan ta da zane ya ɗauka A/T ce. A zafin Sakkwato irin wannan roba saurin cinyewa take yi. Sannan ga shekaru. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba na bushewa ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, don haka in an ga ƙananan tsaga a gefe ko a tsakanin zane, a bar ta ko da rabin kuɗi ce. Motar da ke da giyar ƙafa huɗu kuma, tayoyinta su zama girma ɗaya, iri ɗaya, har safaya, domin bambancin girma giyar yake wahalarwa, gyaranta kuwa ya fi kuɗin taya.