Yadda Ake Shirya Tsohon Katako Mai Fenti Kafin Ya Shiga Aiki

Katakon da ake cirowa daga tsofaffin gine-gine, kamar ƙyauren ƙofa da taga da bencin makaranta, yakan fi na kasuwa nagarta, domin galibi daga manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo da maɗobiya aka yanko shi, kuma ya shafe shekaru yana bushewa har ya daina murɗewa. Darajarsa ta ƙaru tun da irin waɗannan itatuwa suka yi ƙaranci, har ta kai ga a shekarar 2016 an sanya maɗobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Sai dai fentin da ke jikinsa yana ɓoye lafiyar itacen, kuma shi kansa yana iya zama guba.

Tsohon fentin mai, musamman fari da ja da rawaya, sau da yawa yana ɗauke da dalma, wato ƙarfe mai nauyi da ake sanyawa don launi ya fito kuma fenti ya bushe da wuri. Amurka ta haramta dalma a fentin gidaje a 1978, amma an ci gaba da sayar da fenti mai dalma a ƙasashe da dama shekaru masu yawa bayan haka, saboda haka ya kamata kafinta ya ɗauki duk tsohon fenti a matsayin mai dalma, sai in gwaji ya nuna babu. Wanda ya san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ba zai raina ƙurar da ke biyo rigar kafinta zuwa gida ba, domin ko kaɗan ce ta shiga jinin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa.

Hanyoyi biyu da aka fi sabawa da su, wato goge fenti a bushe da injin samfefa da kuma babbake shi da wuta, su ne mafiya haɗari, saboda ta farko tana mayar da fenti ƙura, ta biyu kuma tana mayar da dalma hayaƙi. Abin da ya dace shi ne a shimfiɗa leda a fili, nesa da yara da wurin girki, a yayyafa wa katakon ruwa, sannan a kankare fentin da makankari mai kaifi ana bin tsawon itacen, ta yadda zai riƙa faɗowa ɓarɓashi mai laima. Inda fentin ya yi kauri, ana shafa maganin cire fenti a jira ya kumbura ya yi taushi kafin a kankare. Soda tana cin fenti sosai, amma tana baƙanta maɗaci da wasu itatuwa irinsa, don haka a fara gwada ta a gefen da ba ya fitowa fili. Takunkumin yadi ba ya tare wannan ƙura. Ana buƙatar mai matata wanda ke manne wa fuska, tare da safar hannu da tufafin aikin da ba a komawa gida da su.

Ɓarɓashin da aka tara kuwa sai a ƙulle shi cikin leda. Abin takaici ne yadda ake kwasar guntaye da dusar irin wannan katako ana hura wutar girki ko ana shimfiɗa wa kaji, alhali dalmar ba ta ƙonewa, tana nan cikin hayaƙi da toka.

Bayan fenti ya fita, sai a nemi ƙarfe. Ƙusar da kanta ya karye tana bayyana kanta da baƙin tabo a kewayen ramin, wanda tsatsa ta haifar, kuma maganaɗisu mai ƙarfi yana gano wadda ta nutse. Ƙusa guda ta isa ta karya haƙoran zarto ko ta fasa bakin injin fere katako. Haka nan a duba ɓarnar gara da ƙananan ramukan ƙwari. Idan gari mai laushi yana zubowa daga ramin, ƙwaron yana raye, kuma ana kashe shi da zafin da ya kai digiri 56 a tsakiyar katakon na tsawon minti 30, ko a yanke ɓangaren a jefar.

Da yake an jiƙa katakon wajen kankara, dole a jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ya yi makonni a wurin da za a yi aikin, musamman idan daga Kudu aka kawo shi zuwa bushewar hunturun Arewa. Sai bayan nan ne za a fere shi kaɗan-kaɗan, daidai da daidai a fuskoki biyu, don kada ya lanƙwashe. Katakon da ya taɓa ɗaukar tsohon fenti ba a yin akushi ko faifan yanka nama ko kayan wasan yara da shi, ko da ya fito fes, domin fenti yakan maƙale cikin ƙananan ƙofofin itacen.