Karatun Zanen Farashi

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalan Bilbis, Tsafe da Bungudu, ga wani darasi da ake koya wa yaranmu a firamare, alhali mu muka fi su bukata tai: karatun zanen farashi.

Layi biyu ne. Na kwance, watanni ne jere daga hagu zuwa dama, saɓanin allonmu. To a kula, wanda ya soma daga dama zai ɗauki tashin farashi faɗuwa ce. Na tsaye, kuɗin tiya ko na buhu ne. Ɗora yatsa kan wata, hau sama har ka iske ɗigo, juya hagu: farashin ke nan.

Zanen gero yakan sauka da kaka, ya hau wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa.

Amma mu riƙa duba gindin layin tsaye. In bai soma daga sifiri ba, ƙarin naira 500 kan buhu sai ya fito kamar dutsen Kwatarkwashi, mutum ya ruga ya saye hatsi da tsada. Zanen tiya kuwa ba a gwama shi da na buhu.